Lafiyar majinyaci a wurin likitan haƙori: dokoki da ƙa'idojin da ya kamata mazauna Gaya su sani

Mutumin da ciwon haƙori ya hana barci a garin Gaya yana da hanyoyi da dama a gabansa idan gari ya waye. Yana iya zuwa asibitin gunduma ko wata cibiyar kiwon lafiya ta CSI, yana iya kama hanyar Dosso mai nisan kilomita kusan 150, yana iya ƙetare kogi zuwa Malanville a jamhuriyar Benin, ko ya nufi Kamba a jihar Kebbi ta Najeriya. Yana kuma iya tsayawa wurin mai tallar magani ko mai cire haƙori a kasuwa. Kowace hanya da dokar da ke kanta, wata kuma babu doka a kanta sam. Wannan bayani ya tattaro abin da ƙa'idojin aikin haƙori suka tanada, hukumomin da ke sa ido a ƙasashen uku, da abubuwan da majinyaci zai iya dubawa da idonsa kafin ya buɗe baki.

Girman matsalar

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki da haƙori a duniya, wato kusan kashi 45 cikin 100 na al'umma. A yankin Afirka na hukumar, adadin ya kai kusan miliyan 480. A wannan yanki dai, likitocin haƙori ba su kai ko ɗaya ga mutum 10,000 ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun fi taruwa a manyan birane.

Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne: ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, sai CSI, sai asibitin gunduma irin na Gaya, sai babban asibitin jiha CHR da ke Dosso, sannan manyan asibitocin ƙasa a Yamai. Aikin haƙori mai wuya, kamar tiyatar muƙamuƙi, a saman wannan tsani yake. Nisa da tsadar tafiya kan sa mutum ya jure ciwo har sai kunci ya kumbura, kuma wanda ya zo a makare ba ya tsayawa tambayar takardun wanda zai yi masa aiki.

Wa doka ta yarda ya yi aikin haƙori a Nijar?

Abu uku doka ke nema, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Na farko shi ne takardar shaidar karatu, wato digirin likitan haƙori daga jami'ar da ƙasa ta amince da ita. A yammacin Afirka mai amfani da Faransanci, akwai makarantun wannan fanni a Dakar, Abidjan da Bamako.

Na biyu shi ne rajista a majalisar sana'a, wadda ake kira Ordre da Faransanci. A shekarar 1988 ne Nijar ta kafa majalisa ɗaya da ta haɗa likitoci, masana haɗa magunguna da likitocin haƙori, daga baya aka raba ta kowace sana'a ta samu tata. Aikin majalisar shi ne riƙe jerin sunayen waɗanda aka yarda su yi aiki, kula da ladubban sana'a, da hukunta wanda ya saɓa, daga gargaɗi har zuwa dakatarwa ko soke suna daga jerin.

Na uku ya shafi masu buɗe wurin kansu. Doka mai lamba 98-016 ta ranar 15 ga watan Yunin 1998 ce ta tsara aikin lafiya mai zaman kansa a Nijar. A ƙarƙashinta, ma'aikatar kiwon lafiya ce ke ba da izinin yin aiki da kuma izinin buɗe wuri. Likitan da ke da digiri da rajista amma bai da izinin buɗe ɗakin duba marasa lafiya, wurinsa ba ya kan ƙa'ida.

Akwai kuma ma'aikatan da ke taimaka wa likita, kuma kowa da iyakarsa. Mai ƙera haƙoran roba, alal misali, aikinsa a ɗakin ƙira yake, bisa awon da likita ya ɗauka. Ba shi da hurumin yin allura ko cire haƙori. Yin hakan laifi ne na shiga aikin likita ba tare da izini ba.

Sa ido kan wuraren aiki nauyi ne na ma'aikatar kiwon lafiya, ta hannun masu bincikenta, da hukumar kiwon lafiya ta jihar Dosso, da babban likitan gundumar Gaya. Batun tsabta da shara yana ƙarƙashin dokokin tsabtar jama'a, waɗanda tushensu ya faro daga dokar ranar 2 ga watan Maris na 1993.

A tsallaken iyaka

Majinyaci na iya ƙetare iyaka cikin sa'a guda, amma izinin likita ba ya ƙetarewa tare da shi haka kawai. Tsakanin Nijar da Benin akwai sauƙi, domin dukansu mambobin ƙungiyar UEMOA ne. A shekarar 2008 ƙungiyar ta amince da wata ƙa'ida da ta ba likitocin haƙori 'yan ƙasashenta damar yin aiki a kowace ƙasa ta ƙungiyar, da sharaɗin mutum ya mallaki digirin da aka amince da shi, ya kasance da rajista a majalisar ƙasarsa, sannan ya gabatar da kansa ga majalisar ƙasar da ya zo. Saboda haka likitan da ya fito daga Parakou ko Kwatano ba zai kafa kujera a Gaya da takardun Benin kaɗai ba.

Najeriya ba ta cikin UEMOA. A can, majalisar MDCN da aka kafa a 1963 ce ke rajistar likitoci da likitocin haƙori, kuma ana sabunta lasisin aiki kowace shekara. Masu kula da tsabtar haƙori da masu ƙera haƙora suna da nasu hukumomin daban. Lasisin MDCN yana aiki a Kamba, Birnin Kebbi da Sakkwato. Wanda ke riƙe da shi kuma yake son aiki a Gaya sai ya nemi amincewar hukumomin Nijar.

A Benin, gwamnati ta tsaurara matakai tun daga 2018, lokacin da ta tilasta wa ma'aikatan lafiya na gwamnati zaɓi tsakanin aikin gwamnati da na kansu, ta kuma rufe wuraren jinya da dama da ba su da izini. Daga baya ta kafa hukumar ARS mai sa ido kan ingancin aikin lafiya.

Bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yulin 2023 da takunkuman CEDEAO da suka biyo baya, rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ya mayar da zirga-zirgar jama'a kan kwalekwale. Ga mai ciwon haƙori wannan yana da muhimmanci ta fuska ɗaya: aikin haƙori sau da yawa yana buƙatar komawa sau biyu ko uku, kuma matsala kan ɓullo ne kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewa. Kafin a zaɓi likita a tsallake, ya kamata a yi lissafin ko za a iya komawa wurinsa cikin dare idan jini ya ƙi tsayawa.

Labarin wani ƙaramin gari a Faransa ya nuna abin da kan faru idan ƙarancin likita ya haɗu da sakacin bincike. A 2008, mutanen Château-Chinon, waɗanda suka daɗe ba su da likitan haƙori, sun yi maraba da wani likita ɗan ƙasar Holland. Cikin 'yan shekaru mutane kusan ɗari suka shigar da ƙara kan cire lafiyayyun haƙora, karya muƙamuƙi da ƙuraje masu mugunya. A watan Afrilun 2016 kotun Nevers ta ɗaure shi shekaru 8 tare da haramta masa aikin har abada.

Haɗarin da ke cikin kayan aiki

Kusan duk aikin haƙori yana fitar da jini, ko da wankin haƙora ne. Jinin yana maƙalewa a awartakin cire haƙori, a kan allura, da cikin injin rarake haƙori. Idan ba a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu ba, suna wucewa zuwa bakin mutum na gaba.

Cututtuka uku aka fi jin tsoro: ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da sida. Mutane sun fi tsoron sida, amma ciwon hanta na B ya fi saurin kamawa nesa ba kusa ba. Idan allurar da ta taɓa jinin mai cutar ta soki wani, yiwuwar kamuwa da sida kusan 3 ce cikin 1,000, ta ciwon hanta na C kusan 2 cikin 100, ta B kuwa tana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Ƙwayar B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana 7. Hukumar OMS ta ƙiyasta cewa a 2022 mutane miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kusan miliyan 65 daga cikinsu a Afirka, kuma yawancinsu ba su san suna da ita ba. A Nijar, a 2008 ne aka shigar da rigakafinta cikin alluran jarirai, don haka akasarin manyan da ke zama a kujerar likita yau ba su da wannan kariya.

Hakan ya faru ko a ƙasashe masu arziki. A 2013, hukumomin jihar Oklahoma ta Amurka sun kira mutane kusan 7,000 da suka bi ta wani ɗakin likitan haƙori a birnin Tulsa domin a gwada jininsu, bayan an gano tsatsa a kayan aiki da sakaci wurin sarrafa allurai. Bincike ya tabbatar da cewa ciwon hanta na C ya wuce daga wani majinyaci zuwa wani a wurin. A 2014 ma an kira mutane kusan 22,000 a yankin Nottingham na Ingila saboda irin wannan dalili.

Daga nan aka samo ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: a ɗauki jinin kowane majinyaci da yawunsa tamkar suna ɗauke da cuta, ba tare da duba fuska, shekaru ko matsayi ba.

Yadda ake tsabtace kaya bisa ƙa'ida

Masana sun kasa kayan aiki gida uku. Akwai masu shiga nama ko ƙashi, kamar awartaki, wuƙar tiyata da ƙarafan kankare datti a ƙarƙashin dasashi. Akwai masu taɓa cikin baki ba tare da huda shi ba, kamar ƙaramin madubi. Akwai kuma masu taɓa fata kawai, kamar hannun kujera da fitila. Rukunin farko dole a kashe duk wata ƙwaya da ke jikinsa bayan kowane mutum, na biyu ma haka idan yana jure zafi, na uku kuma gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya wadatar.

Aikin yana tafiya daki-daki. Ana fara jiƙa kayan domin kada jini ya bushe, a wanke su da buroshi da sabulu na musamman, a ɗauraye, a busar, a sa a cikin jaka a like, sannan a saka a cikin tukunyar tururi mai matsi da ake kira otoklav. Wankin farko ba abin tsallakewa ba ne, domin ƙwayar cutar da ke ƙarƙashin busasshen jini tana iya tsira daga zafin. Otoklav tana aiki a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 30, ko digiri 134 na 'yan mintoci. Jakar tana da wani zane da ke canza launi idan zafin ya kai, kuma ana rubuta ranar a jikinta.

A wurare da yawa na yankinmu har yanzu ana amfani da tanda mai busasshen zafi da aka sani da Poupinel. Tana aiki idan an cika lokacinta, wato sa'a 1 a digiri 170 ko sa'a 2 a digiri 160, ana ƙirgawa daga lokacin da zafin ya kai, kuma ba a buɗe ƙofar a tsakani. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe ta a ɗauki ƙarfe ɗaya saboda layi ya yi tsawo.

Tafasa kaya a ruwa, goge su da alkol, ko tsoma su cikin ruwan Javel suna rage ƙwayoyin cuta amma ba sa gamawa da su duka. Ba su isa ga ƙarfen da zai shiga nama ba.

Wasu kayan sau ɗaya ake amfani da su: allura, kwalbar maganin kashe zafi, safar hannu, bututun tsotse yawu, auduga da kofin kurkure baki. Ragowar maganin da ke cikin kwalbar da aka yi wa wani allura da ita ba a ba wani, ko da an canza allurar, domin jini na komawa ciki.

Wuta da ruwa

Duk wannan aiki yana rataye ne a kan lantarki da tsabtataccen ruwa. Wutar Gaya ta daɗe tana zuwa daga Najeriya ta layin Kamba, kuma jama'a sun ga abin da ya faru lokacin da aka katse wutar da Najeriya ke ba Nijar a watan Agustan 2023. Idan wuta ta ɗauke otoklav tana tsakar aiki, ƙa'ida ita ce a sake daga farko. Wurin da ya san aikinsa yana da janareta ko batura masu cajin hasken rana, yana kuma da kayan aiki ninki biyu ko uku domin kada matsin layi ya sa a yi gaggawa. Likitan da ya ce a dawo gobe saboda tsabtatattun kaya sun ƙare, ƙa'ida ya bi.

Ruwan da injin ke fesawa a baki dole ya zama mai tsabtar ruwan sha, kuma ana barinsa ya zuba na daƙiƙa 20 zuwa 30 tsakanin majinyaci da majinyaci domin wanke bututun.

Tambayoyin da ke gaban allura

Likita na gari yana fara aiki da tambaya. Yana son sanin ko mutum na da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, amosanin jini, farfaɗiya ko asma, ko mace na da ciki ko tana shayarwa, ko wani magani ya taɓa tayar wa mutum da ƙaiƙayi ko kumburi, da kuma magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Kowace amsa tana canza aikin. Mai shan maganin tsinka jini yana iya zubar da jini da yawa. Ciwon mai suga yana jinkirin warkewa. Mai wasu cututtukan zuciya yana buƙatar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa dasashinsa. Ɓoye irin wannan bayani don kunya ko don tsoron a ɗage aikin yana iya jawo asarar rai.

Allurar kashe zafi da aka fi amfani da ita ita ce lidokayin, a cikin ƙaramar kwalba mai mililita 1.8. Yawan da za a ba mutum ya danganta da nauyinsa, shi ya sa ake auna yara. Ƙa'ida ta kuma buƙaci a samu kayan ceton gaggawa a wurin: adirenalin, iskar oksijin, sukari da na'urar awon jini.

Kafin a fara, majinyaci na da haƙƙin a bayyana masa da harshen da yake ji, Hausa, Dendi, Zabarmanci ko Fulatanci, wane haƙori za a taɓa, me za a yi masa, ko akwai wata hanyar ceto shi ba tare da cirewa ba, da nawa za a biya. Nuna haƙorin a madubi kafin allura yana hana kuskuren cire wanda bai da laifi. Bayan an gama, a rubuta abin da aka yi a rajistar wurin da kuma katin majinyaci. Ga mazaunin iyaka wannan kati yana da daraja ta musamman, domin shi kaɗai ne zai gaya wa likitan Dosso abin da aka yi a Malanville ko Kamba.

Magunguna

Ƙarshen aikin likita takardar magani ce, kuma nan ma akwai tarko. Hukumar OMS ta bayyana a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko bai kai inganci ba. Garuruwan iyaka sun fi fuskantar wannan. A Nijar dokar magunguna ta 1997 ta keɓe sayar da magani ga farmasi da wuraren da aka ba izini. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar magunguna tun 1993. A Benin an rushe shahararriyar kasuwar magunguna ta Adjégounlè a Kwatano a watan Fabrairun 2017.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar amoksisilin ba ya warkar da ruɓaɓɓen haƙori. Yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci, ciwon ya dawo, ƙwayoyin kuma su saba da maganin. Tiramadol yana rufe zafi yana jawo jaraba. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi yana ƙona nama. Tetarasaikilin yana ɓata launin haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 8 har abada, kuma ba a ba mai ciki.

Zaiba, hoto da shara

Farin ƙarfen da aka daɗe ana cike kogon haƙori da shi kusan rabinsa zaiba ne. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2017 kuma Nijar, Benin da Najeriya duk suka shiga, ta buƙaci a rage amfani da shi. Gyaran da aka yi mata a 2022 ya ce a kauce wa sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, mata masu ciki da masu shayarwa, sai idan likita ya ga babu makawa. Wanda ke da tsohon ciko mai lafiya ba ya buƙatar a cire masa shi.

Na'urar ɗaukar hoton haƙori tana fitar da haske mai ratsa jiki, don haka mallakarta na buƙatar izinin hukumar ARSN mai kula da wannan fanni a Nijar. Hasken hoto ɗaya kaɗan ne, amma mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka.

Game da shara, kusan kashi 15 cikin 100 na abin da wuraren jinya ke zubarwa ne ke da haɗari. Allurai suna shiga akwati na musamman da ba ya hujewa, wanda ake rufewa idan ya cika kashi uku cikin huɗu. Auduga mai jini da haƙoran da aka cire suna shiga jaka daban a kai su wurin ƙonawa. Allurar da aka jefa a juji tana ƙarewa a hannun yara, a garin da ke bakin kogi kuma ruwan sama yana kwashe ta zuwa inda ake wanka da wanki.

Masu aiki a wajen doka

Masu cire haƙori a kasuwa, masu sa haƙorin Makka a shago da masu cewa suna fitar da tsutsa daga haƙori suna samun jama'a saboda suna kusa kuma kuɗinsu kaɗan ne. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale su fitar da tsami mai narkar da haƙorin. Haɗarin wurin irin waɗannan mutane iri uku ne: ƙarfe ɗaya ga baki da yawa, saiwar haƙori da ke karyewa ta zauna ta ruɓe, da rashin abin yi idan mutum ya suma ko jini ya ɓalle. Haka nan cire beli ko haƙoran jarirai da wanzami kan yi don maganin zawo ko zazzaɓi ba ya warkar da su, yana kuma iya jawo zubar jini da sarƙewar haƙora wato tetanos.

Tun ranar 1 ga watan Satumban 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin tsarin jinya kyauta tun 2006. Yana da kyau a tambayi farashin asibiti kafin a yanke cewa ya fi ƙarfin aljihu.

Bakin yaro da cutar noma

A wannan yanki, duba bakin yaro na iya ceton ransa. Cutar noma, mai zaizayar baki da fuska, tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburi da jini a dasashi, da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin kwanaki kaɗan nama ya fara mutuwa. Idan ba a yi magani ba tana kashe har 9 cikin 10. Idan an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wankin baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A ranar 15 ga watan Disamban 2023 OMS ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Nijar na da shirin ƙasa na yaƙi da cututtukan baki da noma, ƙungiyar Sentinelles na aiki a kanta a Damagaram, a Sakkwato kuma akwai asibitin noma da aka buɗe a 1999. Yaro mai waɗannan alamomi CSI mafi kusa ya kamata a kai shi a ranar.

Idan an samu matsala

Bayan cire haƙori, ana cije auduga na kusan minti 30, ba a kurkure baki da ƙarfi a ranar, ba a shan taba. A koma asibiti nan take idan jini bai tsaya ba bayan sa'o'i, idan zazzaɓi ya taso, idan baki ya ƙi buɗuwa, ko idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido. Kumburin da ya hana haɗiya ko numfashi yana iya toshe maƙogwaro cikin sa'o'i.

Wanda yake zargin an yi masa aiki da ƙazamin ƙarfe ya je asibiti da wuri, domin maganin kariya daga sida yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72. Ƙorafi ana kai shi ga shugaban wurin, ga babban likitan gunduma, ga hukumar kiwon lafiya ta jiha ko ga majalisar sana'a. Idan rauni ya yi tsanani ko mai aikin ba likita ba ne, ana zuwa wurin 'yan sanda, jandarmomi ko kotu. Ana kai ƙara ne a ƙasar da aka yi aikin, kuma rasit da takardar magani da kati su ne hujja.

Abin dubawa kafin a zauna a kujera

- Sunan likita da takardar izinin wurin suna bayyane, ko an nuna su da aka tambaya.
- An yi tambaya kan lafiyar jiki da magunguna kafin allura.
- Likita ya wanke hannu, ya sa sabuwar safar hannu da takunkumi a gaban majinyaci.
- An buɗe kayan aiki daga likakkiyar jaka ko rufaffen akwati, an ɓare sabuwar allura.
- Akwai akwatin zuba allurai, kuma an goge kujera bayan wanda ya tashi.
- An faɗi haƙorin da za a taɓa da kuɗin aikin tun kafin a fara.
- An ba da rasit, takardar magani mai suna da hatimi, da bayanin inda za a koma idan matsala ta taso.

Ma'aikacin da ke bin ƙa'ida ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin ƙa'idojin nan suna kare shi da iyalinsa daga cututtukan da suke kare majinyaci. Idan aka ga an ɗauko awartaki daga kwanon ruwa ko daga aljihun tebur, majinyaci na da ikon tashi daga kujerar ya nemi wani wuri.